Malam Aminu Kano da lissafin 1979

A ƙauyukanmu na bakin kogin Watari, ban taɓa ganin an roƙi manomi ya zaɓi mabuɗin PRP ba. Malam Aminu Kano ya gama wannan aiki tun da daɗewa. An haife shi a 1920, ya ajiye koyarwa a Maru a 1950 ya rungumi NEPU, ya shafe shekaru yana faɗa da zaluncin masu sarauta da nauyin haraji.

Amma a ganina, masu shirya wa 'yan takarar shugaban ƙasa yaƙin neman zaɓe sun fi buƙatar nazarin faɗuwarsa. A 1979 doka ta nemi kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi 19. Malam ya cinye Kano, har ya hana Shagari cika wannan kaso a nan, maganar ta kai Kotun Ƙoli. To, amma ƙaunar gida ba ta haye Kwara ba. A Kudu da ƙyar aka ji ɗuriyarsa.

Daga baya jam'iyyar ta rabe, Santsi da Taɓo. Yana shirin sake tsayawa ajali ya riske shi a Afrilun 1983, saura 'yan watanni a kaɗa ƙuri'a.