Benjamin Oluwakayode Osuntokun

Benjamin Oluwakayode Osuntokun (6 ga Janairu 1935 – 22 ga Satumba 1995) likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ɗan Najeriya, kuma farfesa a Jami'ar Ibadan. An san shi da bincike kan cututtukan jijiya a tsakanin 'yan Afirka, da kuma aikin gwajin gigin tsufa cikin harshen marasa lafiya da al'adarsu.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Okemesi da ke jihar Ekiti ta yanzu. Ya yi sakandare a Christ's School, Ado-Ekiti, sannan ya karanci likitanci a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, inda ya kammala a shekarar 1961. Daga baya ya ƙaro ilimi a fannin jijiyoyi a Ingila.

Bincike

Aikin da ya fara fito da sunansa shi ne kan wata cuta da ke sa tangaɗi, mutuwar tafin ƙafa, da raunin gani da ji. Ya nuna alaƙarta da gubar sayanaid da ke saura a cikin rogon da ba a jiƙa ko aka sarrafa da kyau ba, musamman ga talakawan da rogo ne kusan dukkan abincinsu.

A shekarar 1974, shi da abokan aikinsa suka wallafa nazari a mujallar Brain kan 'yan Najeriya 92 masu cutar mutuwar jijiyoyin motsi, wadda ke shanye tsoka sannu a hankali har ta kai ga magana, haɗiya da numfashi.

Gwajin gigin tsufa

Gwaje-gwajen ƙwaƙwalwa da aka tsara a Turai da Amurka sun dogara ga karatu da rubutu, don haka tsohon da bai yi boko ba yana iya faɗuwa alhali hankalinsa lafiya lau. Osuntokun ya jagoranci ɓangaren Najeriya na binciken haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da Indianapolis, tare da Hugh Hendrie da Kathleen Hall. Sun yi amfani da gwajin CSI-D cikin Yarbanci: ana yi wa tsoho tambayoyin baka, sannan a tambayi wani na kusa da shi yadda yake tafiyar da al'amuransa na yau da kullum. Sakamakon da ya fito a 1995 ya nuna gigin tsufa a kashi 2.29 cikin ɗari na tsofaffin Ibadan, da kashi 8.24 na baƙaƙen fatar Indianapolis.

Irin wannan daidaita gwaji ya shafi masu cutar jijiyoyin motsi ma, domin wasunsu na samun rauni a tunani. Gwajin ECAS da aka tsara musu a Edinburgh an fassara shi zuwa harsuna da dama, ciki har da Farisanci.

Muƙamai da rasuwa

Ya shugabanci tsangayar likitanci ta Ibadan, ya kuma zama babban daraktan Asibitin Koyarwa na UCH. An ba shi lambar girmamawa ta ƙasa, NNOM. Ya rasu yana da shekara 60.