Michael Faraday: Ɗan maƙerin da ya koya wa yara kimiyya da kyandir

A lokacin hutun Kirsimeti na shekarar 1860, wani dattijo mai furfura ya tsaya gaban ɗaruruwan yara a zauren cibiyar kimiyya ta Royal Institution da ke birnin Landan. Ya kunna kyandir, ya bari ya ci na ɗan lokaci, sannan ya hure shi a hankali. Kafin farin hayaƙin da ke tashi daga lagwani ya watse, sai ya kai masa wuta daga ɗan nesa, nan take wutar ta bi hayaƙin ta sauka kan lagwanin, kyandir ya sake kamawa ba tare da an taɓa shi ba.

Dattijon shi ne Michael Faraday, mutumin da bincikensa ya aza harsashin janareta da injin lantarki. Sai dai aikin da ya daɗe yana yi da shauƙi shi ne nuna wa yara cewa da kayan da ke cikin gidajensu za su iya gano yadda duniya ke tafiya. Shi ma ta wannan hanya ya shiga fagen.

Yaron shagon littattafai

An haife shi ranar 22 ga Satumban 1791 a Newington Butts, kudu da kogin Thames. Mahaifinsa maƙeri ne mai fama da rashin lafiya, gidan kuma na talakawa ne. Abin da ya samu a makaranta bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi ba.

Yana ɗan shekara 13 ya fara aikin aike a shagon wani mai sayar da littattafai, George Riebau. Bayan shekara guda ya zama almajirinsa a sana'ar ɗinkin littattafai, na tsawon shekara bakwai. Littattafan da ake kawowa ɗinki su suka zama makarantarsa. Biyu daga ciki sun fi tasiri a kansa: bayanin lantarki a kundin Encyclopaedia Britannica, da wani littafin ilimin sinadarai da Jane Marcet ta rubuta cikin sauƙin harshe domin masu koyo.

Faraday ba ya gamsuwa da abin da ya karanta sai ya gwada. Da 'yan kuɗin da yake tarawa ya haɗa na'urar samar da lantarki daga tsofaffin kwalabe da katako. A 1812 ya jera sisin kwabo guda bakwai na jan ƙarfe, da faya-fayan ƙarfen zink bakwai, ya raba tsakaninsu da takardun da ya jiƙa da ruwan gishiri, sai ga batir mai aiki a hannunsa.

A wannan shekarar ce wani abokin cinikin shagon ya ba shi tikitin sauraron laccocin Humphry Davy, fitaccen masanin sinadarai na lokacin. Faraday ya rubuta abin da ya ji, ya zana abin da ya gani, ya ɗinke su littafi guda ya aika wa Davy tare da roƙon aiki. A watan Maris na 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaji, a kan albashin sule 25 a mako.

Matsayinsa na ɗan talaka bai rabu da shi nan da nan ba. A doguwar tafiyar da ya yi da Davy zuwa Faransa da Italiya daga 1813 zuwa 1815, an ɗora masa aikin hadimi, matar Davy kuwa ba ta ɗauke shi a bakin komai ba face bara. Duk da haka ya daure, domin tafiyar ta haɗa shi da manyan masana irin su Ampère da Volta.

A 1821 ya sa waya mai ɗauke da lantarki ta riƙa zagaya maganaɗisu, abin da ya zama tushen injin lantarki. A 1831 kuma ya gano cewa motsin maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya yana haifar da lantarki. A kan wannan ƙa'ida kusan dukkan tashoshin wutar lantarki na duniya ke aiki har yau.

Darasi shida a kan kyandir ɗaya

A 1825 cibiyar ta soma gabatar da laccoci na musamman domin yara a hutun Kirsimeti, a zamanin da kimiyya ba ta da wani gurbi na kirki a makarantun Ingila. Faraday yana cikin waɗanda suka assasa shirin. Ya gabatar da nasa na farko a 1827, kuma kafin ya ajiye ya yi zagaye 19. Shi da matarsa Sarah Barnard ba su haihu ba, amma 'ya'yan danginsu sun tashi a gabansu, kuma an san shi da son wasa da yara.

Mafi shahara a cikin laccocin su ne guda shida da ya yi a kan kyandir, da farko a 1848, sannan ya maimaita a 1860. Yakan fara da abin da kowane yaro ya sha gani bai kula ba. Iskar da ke tasowa ta gefen kyandir tana sanyaya bakinsa, shi ya sa samansa ke zama kamar ɗan ƙoƙo mai riƙe narkakken kaki. Kakin yana hawa lagwani ne kamar yadda ruwa ke bin tawul idan aka bar gefensa a cikin kwano, har ya ɗiga ƙasa.

Daga nan sai ya sa bakin bututun gilashi a tsakiyar harshen wutar, inda ya fi duhu, ya janyo tururin kaki, ya kunna shi a ɗaya bakin. Da haka yara ke gane cewa tururin ne ke ci, kuma shi ne sirrin hayaƙin nan da ya mayar da wuta kan lagwani. Idan ya riƙe cokali mai sanyi a saman wutar, sai raɓa ta taru a jikinsa, shaidar cewa ƙonewa tana haifar da ruwa. Idan ya kifa kwalba a kan kyandir, wutar takan mutu bayan ɗan lokaci saboda ƙarancin iskar oksijin.

A darasi na ƙarshe yakan zuba tataccen ruwan farar ƙasa a cikin iskar da kyandir ya bari, ruwan ya koma fari kamar madara. Sai ya hura numfashinsa a cikin wani ruwan irinsa, shi ma ya yi fari. Iskar kabon da wuta ke fitarwa ita ce huhun mutum ke fitarwa, domin jiki ma ƙona abinci yake yi a hankali.

Tsarinsa bai sauya ba: gani ya kori ji. Yakan nuna abu kafin ya ba shi suna, yakan zaɓi kayan da ake samu a gida, sannan ya kwaɗaitar da yara su sake gwajin da hannunsu, tare da jan kunne a kan abin da ke da haɗari.

Gadon da ya bari

Laccocin sun yi suna har Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, ya kawo 'ya'yansa maza biyu a watan Disamban 1855. Amma shiga zauren da kuɗi ne, kuma yawancin yaran 'ya'yan masu hali ne. Yaro irin Faraday na shagon Riebau da wuya ya samu kujera. Abin da ya rage wannan giɓi shi ne buga laccocin kyandir a matsayin littafi a 1861, wanda aka fassara zuwa harsuna da dama. A 1862 kuma Faraday ya bayyana gaban hukumar da ke binciken manyan makarantun Ingila, ya nemi a ba kimiyya gurbi a cikin darussa.

A lokacin mantuwa ta riga ta ci ƙarfinsa. Sau biyu ya ƙi karɓar shugabancin ƙungiyar masana ta Royal Society. Ya ƙarasa rayuwarsa a gidan da Sarauniya ta ba shi a Hampton Court, inda ya rasu ranar 25 ga Agustan 1867 yana da shekara 75. An binne shi a maƙabartar Highgate.

Har yanzu ana gudanar da laccocin kowace shekara, ana kuma nuna su a talabijin. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya dakatar da su daga 1939 zuwa 1942. A Japan, wani yaro mai suna Akira Yoshino ya karanta littafin kyandir yana firamare bisa shawarar da ya samu a aji, kuma daga nan sha'awar ilimin sinadarai ta kama shi. A 2019 ya zama ɗaya daga cikin mutum uku da suka samu kyautar Nobel saboda ƙirƙiro batirin litiyam, irin wanda ke cikin wayoyin hannu.