Alhaji Alhassan Ɗantata

Duk yaron da ya tashi a Wudil ya san babbar makarantar nan ta bakin hanyar Gaya, watau jami'ar kimiyya da fasaha. A shekarar 2022 aka sa mata sunan Aliko Ɗangote. To, shi Aliko tattaɓa-kunne ne ga wani attajiri da ya yi suna a ƙasar Hausa tun ba a haifi kakanninku ba. Sunan attajirin Alhaji Alhassan Ɗantata. Labarin dukiyarsa ya kai ko'ina, amma ba kowa ya san inda ya samo sunan nan na Ɗantata ba.

An haifi Alhassan a Bebeji, cikin ƙasar Kano, a shekarar 1877. Iyayensa Agalawa ne, mutanen da suka shahara wajen fatauci. Ubansa Abdullahi madugu ne, shi ke jan ayari zuwa Gwanja, su tafi da tufafi da kanwa, su komo da goro. Uwarsa kuwa, wadda a ke kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta.

Alhassan yana da kamar shekara takwas Allah ya yi wa ubansa rasuwa. Aka raba gado, ga 'ya'ya da yawa, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Bayan haka uwar ta yi shiri ta tafi Ankara, can bakin teku, babban birnin ƙasar da yanzu a ke kira Gana. A zamanin nan babu mota, babu jirgin ƙasa. Tafiya ce ta watanni a ƙasa, ba wadda za a yi da ƙananan yara ba. Saboda haka ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa baiwa, sunanta Tata.

Riƙon ɗan wani ba ƙaramin aiki ba ne, balle maraya wanda uwarsa ta yi nisa. Sai an ci da shi, an yi masa wanki, an zauna kansa in ba shi da lafiya, an rarrashe shi in ya tuna da uwa. Aiki ne na yau da gobe, wanda ba a yi wa mai yinsa kiɗa, ba a kuwa naɗa masa rawani. Tata ba ta da sarauta, ba ta da dukiya, ko kanta ma ba ta mallaka ba. Duk da haka ta riƙe yaron nan, har mutanen gari suka saba da ganinsa tare da ita, suka riƙa kiransa ɗan Tata. Sunan ya bi shi. Ko da ya girma ya zama attajirin da babu kamarsa, da sunan tsohuwar nan a ke kiransa, bai kuwa sake shi ba.

Aka sa Alhassan makarantar allo a nan Bebeji. Abin da ya gada bai isa ya ci da shi ba, sai ya yi abin da almajirai su ke yi. Ya kan ɗauki ƙoƙo ya bi gidaje, wata ta zuba masa ragowar tuwo, wata ta ba shi ɗan fura. Ya kan kuma yi 'yan aikace-aikace a biya shi. A lokacin nan wuri ne kuɗi. Abin da ya samu ba ya kashewa duka, sai ya jefa wani abu cikin asusu. Halin nan na tanadi bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa.

Da ya kai kamar shekara goma sha biyar, sai ya sayi 'yan kaya ya bi ayarin Gwanja, don ya ga uwarsa. Ya sayar da waɗansu a hanya, saura a Ankara. Bayan ya komo gida sai yaƙin basasa ya tashi a Kano a shekarar 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Yaƙin ya ci Bebeji, aka kama mutane da yawa, har da Alhassan da 'yan'uwansa. Da ƙyar suka fanshi kansu. Ashe wanda baiwa ta rena, shi ma sai da ya ɗanɗana zama a hannun wani.

Daga nan ya kama fataucin goro sosai. Ya lura jirgin ruwa ya fi jaki sauri, goro kuwa ba ya son daɗewa a hanya. Sai ya riƙa ɗora goronsa a jirgi daga Ankara zuwa Ikko. Daga baya ya komo birnin Kano ya gina gida a unguwar Sarari. Hanyar jirgin ƙasa kuwa ta buɗe tsakanin Ikko da Kano a shekarar 1912.

Jirgin nan shi ya kawo cinikin gyaɗa. Turawa suna bukatarta ƙwarai, don su matse mai su yi sabulu da man girki. Manoma a ƙauyukan Kano, irin su Wudil da Gaya, suka duƙufa kan nomanta, a kan ɗoro ta bisa jakuna da raƙuma a nufi birni. A shekarar 1918 kamfanin Neja ya nemi Ɗantata ya riƙa saya masa gyaɗa. Yadda ya ke yi kuwa, ya kan ba yaransa jari su shiga ƙauyuka su sayo, ba da jingina ba, sai dai amana. Kada a ce wannan kyauta ce. Ciniki ne, riba ya ke nema, ya kuwa same ta. Amma mutum nawa ne za su danƙa wa wanda ba shi da ko anini kuɗi mai yawa, su ce sai ya dawo? Da yawa daga cikin waɗanda ya ba jari sun tsaya da ƙafafunsu, sun yi gidaje, su ma sun ɗauki waɗansu yara.

Gyaɗar ta yi yawa har jirgi ya kasa kwashewa. Sai aka riƙa jera buhuna bisa buhuna, su yi tsini kamar dutse. Shi ne dalar gyaɗa da ku ke gani a hotuna, dala ɗaya ta kan ci buhu wajen 15,000. A shekarar 1929, da aka buɗe banki a Kano, Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20.

Mai irin wannan dukiya, da ya so, da ya yi ta fankama. Ɗantata bai yi ba. Mutum ne mai sauƙin kai a ci da sutura, ba ya son ɓarna ko ta ƙwandala. Amma wajen taimako hannunsa a buɗe ya ke. Da ya sauke farali, ya biya wa waɗansu su ma suka je Makka. In babbar salla ta zo ya kan sa a yanka shanu a raba wa talakawa. Malamai da almajirai kuwa ba su rasa rabonsu a ƙofar gidansa ba, gama mai gidan ya san nauyin ƙoƙon da babu kome a ciki. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Matan Bebeji da suka zuba wa wani maraya tuwo ba su san wa su ke ciyarwa ba.

A shekarar 1955 ciwo ya kama shi. Da ya ga jikin ya yi nauyi, sai ya tara 'ya'yansa, ya yi musu wasiyya su zauna tare, su riƙe zumunci, kada su watsa abin da aka tara. Ya rasu ran 17 ga watan Agusta na shekarar, aka binne shi a gidansa na Sarari. 'Ya'yansa, irin su Ahmadu da Sanusi da Aminu, suka ci gaba da ciniki. Sanusi shi ne kakan Aliko na wajen uwa. Su da 'ya'yansu da sunan Ɗantata a ke kiransu.