Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Hikimar Ribaɗi

Gabatarwa

A jami'o'in duniya akwai wani reshe na ilmin tarihi wanda ke nazarin tunanin magabata game da yaƙi, wato dalilan da suka halatta shi, da dabarun cin nasara, da kuma hanyoyin tsare ƙasa bayan an ci ta. Galibi idan ana koyar da wannan fanni sunayen da akan fara ambata su ne Sun Zu na ƙasar Sin, da Kilausawiz Bajamushe, wanda aka haifa a 1780, aka kuma buga shahararren littafinsa kan yaƙi a 1832, bayan rasuwarsa. Shekara ɗaya tak bayan haihuwar wannan Bajamushe aka haifi wani a ƙasar Hausa wanda shi ma ya riƙe takobi ya riƙe alƙalami, ya yi yaƙi kuma ya rubuta abin da yaƙi ya koya masa. Wannan shi ne Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Tasowarsa

An haifi Muhammadu Bello a 1781. Sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Ɗagel cikin jama'ar mahaifinsa, gidan da ba a san kome ba sai karatu da karantarwa. Ya yi karatu wurin Shehu da kansa, da wurin baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, da sauran malaman jama'a, har ya yi zurfi a Larabci da fiƙihu da hadisi da ilmin magani. Saboda haka lokacin da zaman jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa ya gagara, aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, Bello malami ne matashi wanda bai wuce shekara ashirin da uku ba, kuma bai gaji sarautar yaƙi daga kowa ba. Abin da ya sani na yaƙi daga littattafai ne, musamman tarihin yaƙe-yaƙen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na Sahabbai.

Makarantar fagen fama

Karon farko mai girma shi ne na Tafkin Kwatto a watan Yuni na 1804. Gobirawa sun zo da barade da 'yan lifida da taimakon Abzinawa, su kuwa jama'a dawakinsu ƙalilan ne, ƙarfinsu duk a kan 'yan baka yake. Duk da haka suka yi nasara. Amma kafin shekarar ta ƙare aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda malamai da mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada. Bayan wannan yunwa ta matsa, har ta sa jama'a ƙaura zuwa ƙasar Zamfara neman abinci. A 1805 aka ci Birnin Kabi, aka koma Gwandu da zama, sai kuma aka sake shan kashi a Alwasa, abokan gaba suka biyo har Gwandu, alhali garin ba shi da ganuwa. Da ƙyar aka kore su.

Waɗannan shekaru biyu sun koya wa Bello darasin da bai manta ba har ƙarshen ransa. Ya ga cewa jarunta na iya cin yaƙin yini guda, amma rundunar da ba ta da rumbu, ba ta da ganuwa, ba ta da dawaki, kullum tana bakin halaka. Don haka aka kewaye Gwandu da ganuwa. Bayan da Alƙalawa ta faɗi a hannun rundunar da yake jagoranta a 1808, Yunfa ya mutu a wurin, abin da Bello ya fara sa wa gaba shi ne gina birnin Sakkwato a 1809, a kan tudu, kusa da mahaɗar gulbin Rima da na Sakkwato.

Sarautarsa da manufar ribaɗi

Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a ya zama Sarkin Musulmi. Nan da nan ƙasa ta yamutse. Abdussalami ya yi tawaye a Ƙware, Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa suka sake ɗaga kai, Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Maraɗi. Marubutan tarihinsa sun lissafa yaƙe-yaƙe 47 da ya fita cikin shekara ashirin na mulkinsa. Babbar matsalar ita ce mayaƙan manoma ne da makiyaya, sai da rani ake tara su, da damina ta faɗi kowa ya koma gona ko mashekari, kan iyaka ya zauna ba mai tsaro.

Maganin da Bello ya kawo shi ne ribaɗi. A asalinta kalmar na nufin zaman dako a bakin iyakar Musulmi don tsaro, kuma Bello ya rubuta littafi musamman a kan ribaɗi da gadi, ya kafa hujja da hadisai da aikin halifofin farko. Amma a aikace ya faɗaɗa ma'anarta. Ribaɗinsa gari ne sosai mai ganuwa, da masallaci, da makaranta, da kasuwa, da alƙali, da gonaki kewaye da shi. Ya zaunar da Fulani makiyaya a irin waɗannan garuruwa, ya kwaɗaitar da su noma da kiwon dawaki da raƙuma, domin doki shi ne babban makamin zamanin. Ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kan ribaɗoɗi, alal misali Aliyu a Shinaka, Fodiyo a Lajinge, Atiku a Bakura, shi kuwa da kansa ya zauna a Wurno yana fuskantar Gobir. Ta haka mai tsaron iyaka ya zama mutumin da gidansa da gonarsa da iyalinsa suke a kan iyakar, ba ya bukatar a kira shi kafin ya fito. Wajibi ne kuma a faɗi cewa da yawa daga cikin waɗanda suka nome gonakin nan bayi ne da aka kamo a wurin yaƙi, kuma wannan nauyi ne da tsarin ya ɗora a kan wasu al'ummu.

Bello bai tsaya ga dabara kaɗai ba, ya shiga batun halacci. Wasiƙun da suka gudana tsakaninsa da Shehu Muhammadu Al-Kanemi na Barno, waɗanda ya kawo cikin Infaƙul Maisuri a 1812, muhawara ce a kan wanda ya halatta a yaƙa da wanda bai halatta ba. Haka nan ya lura da sabon makami, domin lokacin da Baturen Ingila Kyaftin Kilafaton ya ziyarce shi a 1824, bindigogi na cikin abubuwan da ya nema.

Babbar nasararsa ta ƙarshe ita ce ta Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka mutu. A shekarar da ta biyo, wato 1837, Allah ya yi masa rasuwa a Wurno, aka rufe shi a can cikin ribaɗinsa. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi.

Tasirin manufar a kudancin Kano

Manufar ribaɗi ba ta tsaya a ƙasar Sakkwato ba. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda Bello ya naɗa a 1819, ya bi wannan tafarki, ya zauna a Fanisau yana fuskantar tawayen Ɗantunku daga arewa. Amma inda aka fi gwada ƙarfin wannan tunani a ƙasar Kano shi ne kudu, wajen Rano da Kibiya. Rano tsohuwar daula ce, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, gari mai ganuwa a gindin duwatsu, wadda sarkinta ya kasance a ƙarƙashin Sarkin Kano. Kibiya tana gabas da ita kaɗan. Tun lokacin jihadi wannan yanki ya ga yaƙi, domin a Burumburum, kudu da Rano, aka kashe Sarkin Kano Alwali a 1807.

Wajen 1846, bayan rasuwar Bello, Malam Hamza da mabiyansa suka bar Tsakuwa saboda saɓani da hukumar Kano a kan haraji, suka shiga duwatsun Ningi. Daga nan aka sami wata daula mai kai hari, wadda a zamanin Ɗanmaje da magadansa ta addabi kudancin Kano da gabashin Zazzau da arewacin Bauchi fiye da shekara hamsin. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi sarauta daga 1855 zuwa 1882, ya kai musu yaƙi ba sau ɗaya ba, amma doki ba ya hawan dutse, kuma da runduna ta juya sai Ningawa su sake saukowa. Abin da ya tsare talakan wannan yanki shi ne garin da ke da ganuwa da gwalalo da sarƙaƙƙiya, wanda manomi zai ruga cikinsa da iyalinsa da dabbobinsa idan an buga kuge. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da Bello ya hango.

Kammalawa

Kowace dabara tana da zamaninta. A farkon Fabrairu na 1903 igwar Turawa ta fasa ƙofar Bebeji, yamma da Rano, ranar 3 ga watan kuma Kano ta faɗi. Ganuwar da ta gagari mashi da kibiya ba ta iya tsayawa gaban igwa ba. Amma garuruwan da ribaɗi ya kafa ko ya raya sun wanzu, suna nan da mutanensu.

Nazarin wannan tarihi ya sami gindin zama a jami'a tun daga aikin Farfesa Abdullahi Smith a Ibadan da Zariya, da littafin Murray Last kan Daular Sakkwato na 1967, da na Joseph Smaldone kan yaƙi a daular na 1977. Ɗalibin da ke son fahimtar tunanin magabata game da yaƙi yana da littattafan Bello a gabansa, yana kuma da kufan ganuwar Rano da zai je ya auna da ƙafarsa. Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, amin.