Audu Baƙo: Ɗan sandan da ya tanadar wa Kano ruwa

Duk matafiyin da ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani, ya iso wajejen Kadawa, zai ga gonakin shinkafa da alkama da tumatir shar a lokacin da sauran ƙasa ta bushe. Ruwan da ke shayar da su daga Tiga yake gangarowa, a Ƙaramar Hukumar Bebeji, kuma ba a ba da labarin Tiga ba tare da an ambaci marigayi Alhaji Audu Baƙo ba, gwamnan farko na Jihar Kano.

An haife shi a shekarar 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna, inda mahaifinsa ya daɗe yana aikin ɗan sanda. Ya yi karatu a Kaduna da Midil ta Zariya, sannan ya bi sawun mahaifinsa a 1942. Ya koyar da doka a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, ya kuma riƙe muƙamin da ya ɗora masa kula da 'yan dokan En'e na Jihar Arewa. Da Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa gida 12 a watan Mayun 1967, sai aka damƙa masa sabuwar Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau.

Jihar da ya karɓa tana da ɗimbin jama'a, amma abincinta da arzikinta duk sun rataya ne a kan damina ta wata huɗu. Ƙasar kudu, wato wajejen Tudun Wada da Doguwa da duwatsun Riruwai, ta fi ko'ina samun ruwan sama a jihar, kuma ta nan Kogin Kano yake ratsowa. Da damina kogin kan cika ya tumbatsa ya wuce Haɗeja, da rani kuwa ya koma rairayi. Tunanin gwamnan bai wuce guda ba: a tare ruwan a inda yake da yawa, a sake shi a lokacin da babu.

Ya fara da ƙarami. A 1969 aka soma gina madatsar Bagauda a ƙasar Bebeji domin gwajin noman rani a Kadawa. Daga nan aka fuskanci Tiga, wadda aka kammala a 1974. Tsawon bangonta ya kai kimanin kilomita 6, tsayinsa mita 48, kuma an tsara ta ne ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga gare ta aka ja babbar hanyar ruwa zuwa filayen Kura da Bunkure da Garun Malam, a ƙarƙashin shirin da aka yi wa ƙiyasin hekta 22,000 a kashin farko. A zamaninsa ne kuma aka mayar da dajin Falgore wurin adana namun dawa, dajin da kogin ke ratsawa kafin ya zuba a Tiga. Bayan waɗannan akwai otal ɗin Bagauda, da Gidan Zu na Kano, da ƙananan madatsu a sassan jihar.

Ana tsaka da ginin Tiga ne farin 1972 da 1973 ya auka wa ƙasashen Sahel, tun daga Senegal har Chadi. Gero ya ƙone a tsaye, shanu suka faɗi, mutanen Nijar da na arewacin jihar suka yi ta kwararowa birnin Kano neman abin kai wa baka. Gyaɗa, wadda dalarta ta zama tambarin Kano, ba ta sake komawa yadda take ba. Aikin da wasu suka ɗauka almubazzaranci ne sai ya zamana shi ne abin dogaro.

Audu Baƙo bai rayu ya ji bayanin da masana suka yi daga baya game da wannan fari ba. A 1986 wasu masu binciken yanayi na Ingila suka nuna cewa ruwan saman Sahel yana da alaƙa da zafin Tekun Atlantika. Damina takan karkata ne zuwa ɓangaren duniya da ya fi ɗumi. Idan arewacin tekun ya yi sanyi fiye da kudancinsa, sai hadarin ya tsaya can kudu, ya gaza isowa ƙasar Hausa da ƙarfinsa. Haka aka yi a shekarun 1970 da 1980, kuma masana da dama suna ganin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, wanda ya rage hasken rana a kan tekun, yana cikin dalilan.

Yau fargabar daga wata ƙofar take. A cikin Atlantika akwai wata gagarumar igiyar ruwa da ke ɗaukar ɗumi daga yankunan zafi zuwa gaɓar Turai, abin da ke sassauta wa Ingila da Nowe hunturu. Idan ruwan ya isa arewa ya huce, gishirinsa da sanyinsa kan sa ya yi nauyi ya nutse, ya komo kudu ta ƙarƙashi. Ƙanƙarar Girinlan da ke narkewa kuwa ruwan daɗi take zubawa, marar gishiri, marar nauyi, wanda ba ya nutsewa da sauƙi. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a rahotonsa na 2021 cewa akwai yiwuwa mai ƙarfi igiyar za ta raunana cikin wannan ƙarni. In ta yi rauni sosai, arewacin Atlantika zai huce, Turai ta ji sanyi, damina kuma ta ja da baya daga Sahel. Ashe abin da ke narkewa a can ƙurewar arewa yana iya taɓa manomin masara a Doguwa da Ƙiru, da mai sayen shinkafa a kasuwar Tudun Wada.

Ba a ce aikin nasa ba shi da illa ba. An tashi ƙauyuka daga gonakin kakanninsu domin tafkin Tiga. A can gangare, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, masunta da makiyaya suka ji a jikinsu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Madatsar Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988, ta yi ɓarna mai yawa. A 1992 aka rage tsayin mafitar ruwan Tiga domin kare bangonta, abin da ya rage yawan ruwan da take riƙewa.

Mulkinsa ya ƙare da juyin mulkin 29 ga Yulin 1975, wanda ya kawo Janar Murtala Muhammad, aka naɗa Kanar Sani Bello a gurbinsa. Binciken kadarorin da sabuwar gwamnati ta yi wa gwamnonin Gowon biyu kaɗai ya wanke, na Legas da na Yamma, Audu Baƙo bai shiga cikinsu ba. Ya koma noma har Allah ya karɓi ransa a 1980.

Kanawa dai sun yanke nasu hukuncin. Sakatariyar jiha, da Gidan Zu, da Kwalejin Aikin Gona ta Ɗambatta, da wani babban titi a birni duk sunansa suke ɗauke da shi. Sai dai madatsar da ya bari ta haura shekara 50, kuma kowace damina tana shigo mata da laka daga gonaki da dazuzzukan da aka sare a kudu. Idan damina ta sake juya baya kamar yadda ta yi a zamaninsa, abin da ke cikin Tiga a ranar shi ne zai raba gardama, kuma wannan ya dogara ne a kan yadda aka kula da bangonta, da hanyoyin ruwanta, da dajin Falgore tun yanzu.

Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa.