Tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da Zamanin Yanka Iyaka

Da sunan Allah Mai rahama. Bayan haka, wannan labarin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne, ɗan Durɓi Giɗaɗo, Basulluɓe, Allah ya jiƙansa. An haife shi a 1865. Yana Durɓi Nasara suka shigo Katsina a 1903, aka ɗora masa ɗawainiyar cimakar barikinsu, ya riƙe ta ba gazawa. Da aka tuɓe Sarki Yero a 1906 sai aka ba shi sarauta.

Sarautarsa ta zo daidai da yanka iyaka tsakanin Ingilishi da Faransai. Daga 1906 zuwa 1908 Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi ƙasa tun daga Kwara har Tabkin Cadi, suna kafa alamomi, guda 148. Sansaninsu kamar zangon fatake yake: tantuna, da soja, da tafintoci, da 'yan alaro, da dabbobin kaya. Ba a sauka sai inda rijiya take. Da rana a auna ƙasa. In dare ya yi Turawa su kafa madubi suna duban taurari, agogo a gefe, don su san inda suke a bayan ƙasa. Hatsi kuwa da itace da ingirici, duk daga rumbun talaka da wuyansa suke fitowa, ta hannun sarakuna da hakimai. Dikko ya san nauyin wannan kaya tun yana Durɓi.

Iyaka ta ratsa arewa da Jibiya, ta bar Maraɗi ga Faransai. To, a Maraɗi ne zuriyar sarakunan Katsina na Haɓe suke zaune tun bayan jihadi, daga can kuma hari yake ɓullowa ta dajin Rugu. Mutanen Ruma, ta ƙasar Batsari, da na wajen Safana su ne suka fi shan wannan wuya, kwana da kwari a kafaɗa. Da hari ya mutu sai noma ya yaɗu bayan ganuwa. Amma dangi sun rabu, wa yana biyan haraji ga Ingilishi, ƙane ga Faransai.

Dikko ya yi hajji a 1921, ya kuma ziyarci Ingila. A zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina. Ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Tammat.