Jacques Monod: Masanin da ya auna cin abincin bakteriya, masu ciwon sukari suka amfana

Duk mai ciwon sukari da ke yi wa kansa allurar insulin ya dogara da abu guda: ƙarfin maganin da ke kwalbar yau ya yi daidai da na kwalbar watan jiya. Idan ya yi rauni sukari zai hau, idan kuma ya wuce kima sukari zai faɗi har mutum ya suma. Mutane da yawa ba su san cewa insulin na zamani ƙananan halittu ne masu rai suke yin sa ba, wato bakteriya ko yis, a cikin manyan tankunan ƙarfe da kwamfuta ke lura da su dare da rana. Kaso mai yawa na ilimin da ake tafiyar da waɗannan tankuna da shi ya samo asali ne daga aikin wani Bafaranshe, Jacques Monod, wanda ake furta sunansa Jak Mono.

Tasowarsa

An haife shi a birnin Paris ranar 9 ga Fabrairu, 1910. Mahaifinsa mai zane ne, mahaifiyarsa kuma Ba'amurkiya ce. Ya girma a Cannes, wani gari na bakin teku a kudancin Faransa. Cutar shan inna ta taɓa shi yana yaro, ta bar shi da ɗan ɗingishi, amma hakan bai hana shi hawan duwatsu da tuƙa jirgin ruwa ba. Ya kammala digirinsa na kimiyyar halittu a Jami'ar Paris a 1931. Gwani ne kuma wajen kaɗa babban gogen Turawa da ake kira celo, har ya daɗe yana shawarar ko kiɗa zai bi ko kimiyya.

A 1934 ya bi wani jirgin ruwa na bincike zuwa tsibirin Girinlan. Bayan shekara biyu ya so komawa, sai wani masani, Boris Ephrussi, ya ja shi zuwa Kalifoniya a Amurka don ya koyi ilimin gado. A wannan tafiyar ta 1936 jirgin ya nitse kusa da Aisilan, mutum ɗaya kaɗai ya tsira.

Yadda bakteriya ke ci da girma

Da ya koma Paris, sai ya duƙufa kan aikin da mutane da yawa ke ganin ba shi da armashi. Yakan zuba bakteriya, irin su E. coli da ke zaune a hanjin ɗan Adam, a ruwa mai ɗan sukari, sannan ya riƙa auna yadda ruwan ke gurɓacewa lokaci bayan lokaci. Gurɓacewar ita ke nuna yawansu.

Daga wannan awo ya fito da ƙa'idoji biyu. Ta farko, yawan bakteriyar da za a samu a ƙarshe yana tafiya daidai da yawan abincin da aka ba su. Ta biyu, saurin hayayyafarsu yana ƙaruwa idan aka ƙara abinci, amma akwai iyakar da in an kai ta, ƙarin abinci ba ya ƙara komai. Ya rubuta wannan a matsayin lissafi, wanda har yau injiniyoyi ke kira da sunansa.

Sai kuma ya ga wani abin mamaki. Idan ya haɗa musu sukari iri biyu, misali gulukos da laktos, wato sukarin madara, sai su fara cinye gulukos, su ɗan dakata, sannan su koma kan na biyun. Me suke yi a lokacin dakatawar? Wani babban masani a Cibiyar Pasteur, André Lwoff, ya nuna masa cewa mai yiwuwa suna ƙera sinadarin da za su narkar da sabon abincin ne. Wannan tambaya ita ce ta riƙe shi shekara ashirin.

Ya samu digirinsa na dakta a 1941, lokacin da sojojin Jamus ke mamaye da Paris. Matarsa Odette 'yar gidan Yahudawa ce, don haka rayuwarta da ta tagwayensu tana cikin haɗari. Monod ya shiga ƙungiyar sirri ta masu yaƙi da mamayar, har ya kai babban matsayi a cikinta. Bayan yaƙi, a 1945, ya koma aiki a Cibiyar Pasteur.

Tukunyar da ke daidaita kanta

Matsalar renon bakteriya a kwalba ita ce komai na canzawa. Abinci na ƙarewa, dattin da suke fitarwa na taruwa, ruwan na yin tsami, daga nan su fara mutuwa. A 1950 Monod ya bayyana wata na'ura da ke magance wannan. Sabon ruwan abinci yana shiga a hankali ba yankewa, daidai adadinsa kuma yana fita ta ɗaya gefen. Idan bakteriya suka yi yawa, abinci zai ragu, girmansu ya ja baya. Idan suka yi kaɗan, abinci zai taru, su ƙara sauri. Ta haka sai mai aiki ya zama shi ke zaɓar saurin girmansu, ta hanyar saita famfon abinci kawai. A wannan shekarar Aaron Novick da Leo Szilard a Shikago su ma suka fito da irin wannan na'ura, ba tare da sun kwaikwayi juna ba.

Makunnin da ke cikin ƙwayar halitta

Tare da François Jacob, wani likita da ya samu munanan raunuka a yaƙin, Monod ya gano amsar tsohuwar tambayarsa. A 1961 suka bayyana cewa bakteriya na ɗauke da umarnin ƙera sinadarin narkar da laktos a cikin ƙwayoyin gadonta a kowane lokaci, amma akwai wani sinadari daban da ke zaune a kan umarnin kamar kwaɗo a ƙofa. Idan laktos ya shigo, kwaɗon ya saki, aiki ya fara. Idan ya ƙare, ƙofa ta sake rufuwa. Wannan ne karo na farko da aka nuna dalla-dalla yadda ake kunna ƙwayar gado da kashe ta. A 1965 aka ba Monod da Jacob da Lwoff kyautar Nobel ta fannin likitanci.

Daga ɗakin bincike zuwa kwalbar magani

Tun daga 1922 har tsawon shekaru masu yawa, insulin da aka riƙa ba marasa lafiya daga jikin shanu da aladu aka riƙa tatso shi. A 1978 masana a Kalifoniya suka saka umarnin ƙera insulin na ɗan Adam a cikin E. coli. Wurin da suka liƙa shi kuwa shi ne jikin ƙwayar gadon nan ta narkar da laktos, wadda Monod ya ƙarar da shekarunsa a kanta. A 1982 hukumomi suka amince da wannan insulin, kamfanin Eli Lilly ya fitar da shi da sunan Humulin.

Ga yadda aikin ke gudana a masana'anta. Ana wanke tankin da tururi mai zafi don kada wata ƙwaya ta daban ta shiga. A cikinsa akwai na'urorin awo da ke aika bayani ga kwamfuta ba tsayawa. Ɗaya tana auna zafi, domin E. coli ta fi son kusan digiri 37, kuma biliyoyin ƙwayoyi masu aiki suna fitar da zafi da kansu. Idan ya hau sai kwamfuta ta saki ruwan sanyi a kewayen tankin. Wata tana auna tsami, idan ya ƙaru a ɗiga sinadarin da ke kashe shi. Wata kuma tana auna iskar oksijin da ke narke a ruwan, da irin na'urar da Ba'amurke Leland Clark ya ƙirƙira a shekarun 1950. Idan ta ragu sai a ƙara hura iska, a ƙara saurin abin da ke motsa ruwan.

Abinci shi ne wurin da ƙa'idar Monod ta fi aiki. A yanayi mai kyau E. coli na iya ninka yawanta cikin kusan minti 20. Idan aka zuba mata gulukos da yawa lokaci guda, sai ta riƙa fitar da sinadari mai tsami irin na binega, wanda ke hana ta girma, ya kuma rage maganin da za a samu. Shi ya sa ake ba ta abincin kaɗan-kaɗan bisa lissafi. Idan sun yi yawa yadda ake so, a irin tankunan da ke amfani da makunnin laktos, sai a zuba sinadarin da ke buɗe kwaɗon nan, su fara ƙera furotin ɗin da ake buƙata. Bayan haka a tace shi sau da yawa, a gwada ƙarfinsa da tsabtarsa kafin a zuba a kwalba. Kwamfuta tana ajiye duk awon da aka yi, ta yadda idan wani rukuni ya kauce wa ƙa'ida za a gane, a hana shi fita.

Ba insulin kaɗai ba. Rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai, yis ne ke ƙera sinadarinsa a irin waɗannan tankuna. Haka ma rigakafin sanƙarau na MenAfriVac, wanda aka fara bayarwa a Nijar a 2010, Najeriya kuma a 2011, daga bakteriyar da aka rena a tanki ake samo tushensa.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1971 Monod ya zama shugaban Cibiyar Pasteur, a daidai lokacin da take fama da ƙarancin kuɗi, ya yi ta fafutukar tsayar da ita da ƙafafunta. Matarsa ta rasu a 1972. Shi kuma wata cutar jini ta kama shi, ya rasu a Cannes ranar 31 ga Mayu, 1976, yana da shekara 66. Bai ga insulin ɗin bakteriya da idonsa ba. Shekara biyu ya rage a yi shi.

Abin da ya rage gare mu

Duk wannan kulawa tana ƙarewa ne a ƙofar masana'anta da ta kantin magani, sauran tana hannun mai shi. Insulin furotin ne, zafi na lalata shi, daskarewa ma haka. Kwalbar da ba a buɗe ba a ajiye ta a firij, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ban da sashen ƙanƙara. Inda babu wuta, a sa ta cikin leda mai rufi a ajiye a tukunyar ƙasa mai sanyi a inuwa, kada a bar ta a mota ko a taga. Wadda aka buɗe, yawanci ana amfani da ita ne cikin mako huɗu, amma a duba takardar da ke cikin kwalin. A saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar hukumar kula da magunguna da ranar ƙarewar wa'adi. Idan launinsa ya canza, ko ya yi gudaji, ko sukari ya ƙi sauka alhali ba a sauya komai ba, a kai kwalbar wa likita ko mai harhaɗa magani kafin a ƙara yawan allura.